Allurar Inna Ba a Hannunki Ta Lalace Ba

Zuwa ga ƙanwata Hajara, a Yagoua.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Malam da yara, da fama da aikin shinkafa. Na san kin daina ɗaukar wayata. Shi ya sa na rubuto a wannan shafi inda kowa zai gani, tunda a gaban mutane na ci mutuncinki.

Kin tuna sanda bayan Inna ya lanƙwashe, har ta koma sallah a zaune. Ni na kawo allurar nan, kalsitonin, ina hura hanci, ni da aka sallama daga makarantar likita bayan shekara uku, na ƙare a kantar farmasin wani a Garoua. Ke kika ɗauki jinya. Allurar sanyi take so, wuta kuma ba ta zama, zafin garin kuwa kin san shi. Duk sanda firjin maƙwabta ya mutu, sai ki naɗe kwalaben a tsumma ki binne a jiƙaƙƙen yashin gindin randa.

Makonnin farko Inna ta samu sauƙi, har tana zama ta tsinke zogale. Takan ce, "Bokon Sani bai faɗi ƙasa banza ba." Maganar ta fi sauƙin nata yi mini daɗi.

Sai ciwon ya dawo, allura ta zama kamar ruwa, ba ta yi mata komai. Da damina Allah ya yi mata rasuwa. Ranar sadakar uku, a gaban su Goggo, na ce jahilcinki ne ya kashe maganin, kin soya shi a yashi kamar gyaɗa. Kika ɗauki buta kika fita.

Hajara, ƙashi ba dutse ba ne. Kullum akwai ƙwayoyin da ke cinye tsohonsa, wasu na gina sabo, sinadaran jiki kuma ke raba musu aiki. Idan mace ta daina al'ada, sinadarin da ke taka wa masu ci burki yakan ragu, su rinjayi magina. Allurar saƙo ce gare su cewa su dakata. Da farko suna ji. In aka yi ta aika saƙon kullum, sai su rage ƙofofin da yake shiga, kamar mai gida kusa da injin niƙa, wanda a kwana a tashi ba ya ma jin ƙarar. Ko a ƙanƙara kika ajiye ta, haka za ta yi.

Ba jiya na gano wannan ba. Na taɓa amsa shi a jarrabawa. Ranar da na tozarta ki ma na sani. Na ji kunyar a ce maganin ɗan boko ya gaza, sai na nemi inda zan sauke kayan, na same ki a gajiye, idonki a kumbure. Bokon da bai ba ni aiki ba, baki kawai ya ba ni.

Su Goggo da duk wanda ke wurin, ku ji: Hajara ba ta yi laifin komai ba. Ni na yi mata ƙarya.

Ban ce sai kin kira ni ba, ƙanwata. In kin yafe, ko a zuciyarki ne, ya ishe ni.

Allah ya jiƙan Inna, ya haskaka kabarinta. Allah ya saka miki da abin da hannuwanki suka yi mata, ni kuma kada ya ɗauki raina da hakkinki a wuyana.

Yayanki da ya zalunce ki,
Sani