Hannun da Ya Share Allo

Litinin, 3 ga Maris

Da safen nan na ga abin da ban so gani ba. Ina shigar da kujeru Ɗakin 'Yanci saboda 'yan makarantar da za su zo, sai na tarar sabon malamin da Ma'aikatar Ilimi ta turo mana ya riga ni shiga. Shi kaɗai, yana magana da bango, yana gwada darasinsa. Tsohon allo na jingine babu gilashi, don kafinta ya cire tun ranar Juma'a zai sauya katakon da gara ta ci.

Allon nan shi ake zuwa gani a gidan tarihin nan. Wani malamin ƙauye ne ya yi rubutu a kai da alli ranar da ƙasa ta samu 'yanci. Kwanan wata a sama, a ƙasa kuma: "Yau babu darasi, ku fita ku kalli tuta." Tun ranar ba wanda ya sake taɓa shi.

Malam na cikin magana hannunsa ya kai kan tsumman da kafinta ya bari. Ko kallon allon bai yi ba. Ya shafa daga sama, ya lanƙwaso ƙasa, ya sake. Sai ya daskare. Ya kalli tsumman, ya kalli allon, ya ajiye tsumman a hankali, ya fice ta ƙofar baya. Ina bayan tulin kujeru, bai gan ni ba.

Kalmar "tuta" ce kawai ta rage, sai rabin shekarar.

Talata, 4 ga Maris

An dakatar da Gwaggo.

Ita ke share ɗakin tun ban san kaina ba, ita ta raine ni, ita ta roƙa mini aikin dakon nan. Darakta ta tara mu ta ce wa ke shiga da tsumma a ɗakin nan in ba mai shara ba. Gwaggo ta ce ita ko numfashi ba ta yi kusa da allon. Darakta ta ce ta ajiye mabuɗi ta tafi gida sai kwamiti ya zauna tsakiyar wata mai zuwa, in ya tabbata ita ce, kora ce.

Malam na tsaye a wurin, hannu a baya, yana girgiza kai irin na masu jaje. Na jira ya buɗe baki. Bai buɗe ba.

Laraba, 5 ga Maris

Na faɗa wa Saje, shugabanmu na leburori da masu gadi. Ya ja ni bayan injin wuta ya ce in na ƙara faɗa a wani wuri, ni da Gwaggo za mu riƙa zaman gida tare. "Kai ɗanta ne, waye zai ji taka? Shi kuma ma'aikata ce ta turo shi da takarda." Na ce to. Ya ɗauka na haƙura.

Asabar, 8 ga Maris

Gwaggo ta share tsakar gida sau ba adadi yau. Har ƙarƙashin randar maƙwabta. Matar mai gidan haya ta ce mata ta yi a hankali kada ta share lambar gidan. Aka yi dariya. Ita ma ta yi, ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa.

Na gaya mata abin da na gani. Ta ce in bar wa Allah. Na ce na bar masa, amma zan tsaya kusa in ga yadda zai yi.

Litinin, 10 ga Maris

An haɗa ni da Malam. Ni zan riƙa ɗaukar masa akwatin kayan koyarwa duk inda zai je. Saje ne ya haɗa, ban sani ba ko mugunta ce ko mantuwa. Na ce na gode.

Yana ce mini "ƙanena". Ina ce masa "ranka ya daɗe" ina kallon hannunsa.

Alhamis, 13 ga Maris

Shirinsa shi ne a daina koyar da tarihi a aji kawai. A kai yara gidan tarihi, a kai su gidan waya su ga tsofaffin kan sarki, a kai su ofishin safiyo su ga taswirar garin tun yana layi biyu. Yau gidan waya muka je da yara cike da mota. Ya raba musu kan sarki ya ce kowa ya faɗi me ƙasar ke alfahari da shi a shekarar da aka buga nasa. Wata yarinya ta ce nata gadar kogi ce, ashe a da gada abar ɗaukar hoto ce. Ya yi dariya har da riƙe ciki.

Ya iya aikinsa, wannan ba zan hana shi ba. Mai iya aiki ma yana cin amana.

Abin da na lura: ɗakin taron gidan waya akwai allo da aka rubuta jerin masu aikin sati. Yana shiga ya share. Bai tambaya ba, bai sani ba ma.

Talata, 18 ga Maris

Ofishin safiyo. Ya sake. Da hannun hagu, daga sama ya lanƙwaso ƙasa, bakinsa na magana da yara. Wannan karon ya farga a tsakiya, ya jefar da dastar kamar ta ƙona shi, ya goge hannu a wando.

Ba da gangan yake yi ba kenan. Shekara da shekaru yana shiga aji yana share darasin wani kafin ya fara nasa, hannun ya daina neman izini. Da ya faɗa tun ranar, wata ƙila faɗa kawai za a yi masa. Amma ya tsaya yana girgiza kai a kan Gwaggo.

Juma'a, 21 ga Maris

Ya tambaye ni wai yaya tsohuwar nan mai shara, yana jin 'yar'uwata ce. Na ce lafiya lau take, tana gaishe shi. Ya ce Allah ya fitar da ita. Na ce amin, da ƙarfi.

Laraba, 26 ga Maris

An mayar wa tsohon allo gilashinsa. Darakta ta ce a bar shi haka, kada wani ya ce zai maimaita rubutun. An kafa hotonsa na da a gefe. Ta kuma hana shiga ɗakin da tsumma ko dasta, duk an kulle su a kabad ɗin Saje.

Na daɗe ina kallon sawun sharar a cikin gilashin. Mai shara takan goge abu gefe zuwa gefe, a daidai ƙirjinta. Wannan daga can sama ya faro, inda Gwaggo sai ta hau benci. Na nuna wa kafinta. Ya ce shi katako ya sani. Amma ya daɗe bai ɗauke ido ba.

Lahadi, 30 ga Maris

Gwaggo ta wanke rigar aikinta ta goge ta ninke ta sa a ƙasan akwati. Na kasa cin abinci.

Laraba, 2 ga Afrilu

Dama ta zo. Ranar Talata za a yi taron shugabannin makarantu a Ɗakin 'Yanci, da manya daga ma'aikata, don a amince da shirin Malam a duk makarantun gari. Shi zai yi jawabi. Za a shigo da ƙaramin allo mai ƙafa. Darakta kuma ba ta yarda kowa ya rubuta barka da zuwa sai ita, don tana ji da rubutunta, har fure take zanawa a kusurwa.

Ni zan jera kujeru. Ni zan kafa allon. Ni na san inda Saje ke rataye mabuɗin kabad.

Ba zan yi masa ƙarya ba, ba zan ce uffan ba. Zan ajiye abu a inda hannu ke kaiwa, shi ke nan.

Alhamis, 3 ga Afrilu

Ma'ajiyar takardu ta ƙasa. Malam ya roƙa aka fito da jaridar ranar 'yanci. Da yara suka fita cin abinci ya kira ni ya ce in karanta babban layin. Na karanta da ƙyar, ina tuntuɓe. Bai gyara mini ba sai da na kai ƙarshe. Ya ce in ina so, kullum bayan tashi ya zauna da ni kaɗan, karatuna bai mutu ba, barci yake.

Na ce sai na yi shawara.

Ba wannan ne zai sa in fasa ba. Gwaggo yanzu ko aikin da za ta tashi daga gare shi ba ta da shi.

Litinin, 7 ga Afrilu

Dasta na cikin aljihuna. Na gwada wurin ajiyewa: bakin allo, gefen hagu, ba a fili sosai ba.

Talata, 8 ga Afrilu

Ya faru.

Ɗaki ya cika. Darakta ta yi rubutunta tun da wuri, da alli kala biyu da furenta. Na kafa allon dab da tsohon, kafaɗa da kafaɗa. Na ajiye abin na koma bayan ɗaki wurin kafinta.

Malam ya tashi ya fara da kyau. Ya ce yaro ba ya manta abin da ya gani da idonsa. Ya ce bari ya zana musu yadda zagayen zai kasance. Yana kallonsu, hannun hagu ya tafi da kansa. Daga sama, ya lanƙwaso ƙasa. Ya sake. Barka da zuwa ta tafi, rabin fure ya rage.

Wani shugaban makaranta ya yi 'yar dariya. Da Malam ya yi dariyar shi ma, da ya wuce. Amma sai ya daskare kamar ranar farko, ya juya ya kalli tsohon allo. Kowa ya bi idonsa. Sawu biyu gefe da gefe, tsawo ɗaya, lanƙwasa ɗaya.

Darakta ta cire tabarau ta goge ta mayar. Ta ce, "Ci gaba, Malam, muna jin ka."

Bai iya ba. Ya karanta sauran daga takarda, dastar na hannunsa har ya gama, ya rasa inda zai ajiye ta.

Kafinta ya taka mini ƙafa bai kalle ni ba.

Na yi zaton zan ji daɗi fiye da haka. Na ji dai.

Laraba, 9 ga Afrilu

Masinja ya ce ba a ma tambayi Malam ba, yana shiga ofishin Darakta ya ce shi ne. Wai ya ce kullum yana niyyar faɗa, kullum sai ya ce bari shirin ya tsaya da ƙafarsa tukuna. Darakta ta ce shi shirinsa yake tsayarwa, ita matar fa da me za ta tsaya.

Saje ya ƙirga dastocinsa ya kalle ni. Na ce ina kwana. Ya ce lafiya.

Litinin, 14 ga Afrilu

Gwaggo ta koma aiki. Darakta da kanta ta miƙa mata mabuɗi a gaban kowa, ta ba ta haƙuri. Gwaggo ta ce ba komai. Da muka fito ta ce mini in riƙe hannunta.

A hanya ta tambaye ni wa ya fito da dasta daga kabad. Na ce iska. Ta ce iskar nan ta yi hankali da kanta. Can kuma ta ce, yaran da ake kawowa fa, shi ke nan? Na ce ban sani ba.

Laraba, 16 ga Afrilu

Shi ke nan ɗin. Ma'aikata ta janye shi, an jingine shirin. Makarantar da za ta zo yau an buga musu waya an ce kada su zo. Ɗakin 'Yanci shiru, sai tsintsiyar Gwaggo. Na jera kujeru kafin in tuna.

Shi ya jawo. Ni dasta kawai na ajiye.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Ya zo kwashe kayansa. Ba wanda ya leƙa ofishinsa, waɗanda ke masa ranka ya daɗe duk aiki ya kama su. Kwali biyu ne, littattafai da taswirori, ya ɗora ɗaya kan ɗaya yana tangaɗi a matakala. Na ƙasan ya fara yagewa.

Ban san lokacin da na karɓa ba. Aikina ne ɗaukar kaya, ba wani abu ba.

Muka taka har tashar mota. Da motar ta zo ya ce, "Kai ne ka ajiye ta, ko?" Na ce ni ne. Ya gyaɗa kai ya ce ya kamata. Ya faɗa mini makarantar da aka mayar da shi, ya ce ajinsa na ƙarshe na tashi da la'asar, maganar karatu tana nan in na gama shawara. Na ce wurin da nisa. Ya ce e, da nisa. Na tambaye shi wace mota ke zuwa can. Don in sani ne kawai.

Ban yafe ba, kada wani ya ce na yafe. Amma an gan ni da kwalinsa a ka, ba yadda zan musa. Mai gadin ƙofa ya gani. Kafinta ya gani, har ya daina buga ƙusa. Saje ya gani ya juya baya. Gwaggo ma ta gani ta tagar Ɗakin 'Yanci, tsintsiya a hannu, kuma da na dawo ba ta tambaye ni inda na je ba.