Ba Zan Sauko Daga Hawa Na Uku Ba

Göteborg, farkon Yuni

Ɗana Pontus,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da matarka Tove da jikokina. Yaya tarin ƙaramar? Ni lafiya lau. Hannun da ya karye ya warke, da shi ma nake wannan rubutun.

Na ga kwalayen da kuka jibge mini a bakin ƙofa. Na kuma ji huɗubar Tove, wai duk dattijuwar kirki in ta haura saba'in sai ta kama sharar mutuwa, ta rage kayanta da hannunta don kada 'ya'ya su sha wahala bayanta. Na san al'adar. Uwata ta yi, sannan ta shekara goma a ɗaki fayau tana jiran abin da ya ƙi zuwa.

Faɗuwa ɗaya na yi a matakalar tarago, jirgin ƙasan nan na cikin gari, shi ke nan har ka samo waɗanda za mu yi musayar gida da su, su karɓe nawa da ke hawa na uku a unguwar Majorna, ni a ajiye ni kusa da ku a Alingsås. Haba, Pontus. Ba zan sa hannu ba. Bana kuma ba zan bi ku bukkar bakin tafki in yi wata guda ina kashe sauro ba, an fara kiɗan bazara a gari.

Ka shafa mini kan yaran.

Mahaifiyarka,
Gunvor

Göteborg, tsakiyar Yuli

Ɗana,

Ina gaishe ku duka, da fatan kun ci kifin tsaminku da sabon dankali lafiya, kuma ruwa bai hana yara iyo ba.

Ranar Asabar ni da ƙawata Barbro muka shiga shagon gwanjon da ke gangarenmu. Ina ɗaga kayan da ke rataye sai ga jar rigata ta rawa, wadda na sa ranar da na haɗu da babanka. Ashe jakar da Tove ta fita da ita tana cewa tsofaffin labule ne, har da rigar a ciki. Raina ya ɓaci ƙwarai, ba zan ɓoye maka ba.

Yarinyar shagon ta ce, "Wannan ta ainihi ce, irinta ta ƙare a duniya."

Na ce, "Mai ita dai ba ta ƙare ba, 'yan nan. Naɗe mini."

Na haɗa da hula ruwan ɗorawa da wata fitilar tebur da ba ni da wurin ajiye ta. Ka faɗa wa Tove kaya sun ƙaru.

Washegari na sa rigar muka tafi lambun shaƙatawa na Slottsskogen da bargo da kofi da biredin kirfa. Masu busa ne suka yi wasa, wasu samari masu gemu. Ana tsaka da kiɗa ruwa ya sauko, babu wanda ya motsa. Barbro ta ce, "Ke tsohuwa, zauna, kada ki karya ɗaya hannun." Na ce ta riƙe mini jaka. Na yi rawa har takalmina ya cika da laka, na dawo ina atishawa, kuma rabon da in ji daɗi haka tun kafin rasuwar babanka.

Taka har kullum,
Mama

Göteborg, Agusta

Pontus ɗana,

Bayan gaisuwa da fatan kun koma aiki lafiya. Na gode da 'ya'yan itacen da ka aiko, na dafa su da sukari na yi jam na shafa wa biredi.

Baƙinka sun zo ganin gida, mata da miji, matar da tsohon ciki. Na ba su kofi, na nuna musu tagar da ake hango jiragen ruwa, sannan na ce su yi haƙuri, ɗana ya yi azarɓaɓi. Mutanen kirki ne. Na ji kunya, kuma kai ka jawo mini.

Ka dame ni da tambayar abin da likitan ido ya ce. To, ga shi. Ba santsi ne ya kayar da ni ba, matakalar ce ban gani ba. Tsakiyar ganina na tafiya, kuma ba ya dawowa. Ranar kiɗan nan ban ga fuskar ko ɗaya daga masu busar ba, Barbro ce ta ba ni labarin gemun. Na tsorata, Pontus. Na yi kuka a tarago, wani bawan Allah ya miƙo mini hankici.

Na san yanzu za ka ce ai shi ya sa. Tsaya ka ji. A nan na san inda dutsen titi ya ɗago a gaban mai biredi. Na san ƙarar taragona tun kafin ya sha kwana, na san hanyar filin kiɗa ta ƙanshin ciyawa da hayaniyar yara. A Alingsås me na sani? Falonku da wurin ajiye mota. Kana so ka kai ni inda zan zauna a kujera ina jiran Tove ta tashi daga aiki ta kama mini hannu. In makanta ce, gara ta same ni a inda ƙafata ta san hanya.

Na sayi tikitin wasan ƙarshe na bazara, ranar Lahadi. Guda biyu ne. In za ka zo, ka zo da rigar ruwa, kuma kada ka riƙe ni a hanya. Ni zan shige gaba.

Ka gaishe da Tove, ban riƙe ta a rai ba.

Mahaifiyarka mai ƙaunarka,
Gunvor