Na Yi Tambaya a Madadin “Wata”, Zargi Ya Faɗa kan Aminiyata

Assalamu alaikum Hajiya Maijidda. Don Allah ki taimaka mini da shawara, domin na jefa kaina cikin abin da ko jikata ba za ta yi ba, kuma na rasa wanda zan faɗa wa bai yi mini dariya ba. Ke ma in ta zo miki ki yi, na yafe, amma ki ba ni amsa.

Shekaruna hamsin da takwas. Na yi ritaya daga aikin gwamnati, ina zaune a Unguwar Rimi da maigidana, yara duk sun yi aure. Al'ada ta ɗauke mini shekara shida ke nan, kuma ba ƙaramar murna na yi ba. Azumi ba ramuwa, salla ba hutu. Na shiga yi wa matasan ajinmu na Islamiyyar matan aure gori, ina ce musu mu mun gama bautar ƙasa, mun karɓi satifiket. Abin da ban faɗa musu ba shi ne abin da ya biyo bayan satifiket ɗin. Zafi ya riƙa taso mini daga ƙirji har tsakiyar kai ko da ana tsuga ruwan sama, in jiƙe sharkaf cikin hijabi a tsakiyar taron biki. Barci ya ƙaurace mini. Fushi kuwa, har fanka na taɓa yi wa faɗa don ba ta juyawa da sauri. Alhaji mutum ne mai haƙuri, amma na lura bayan la'asar ya kan fi ladan daɗewa a masallaci.

Na sha hulba, na sha kanumfari, na sha duk abin da matan unguwa suka ce in jiƙa, shiru. 'Yata Nafisat ce ta ja ni wurin wata likitar mata. Ta auna ni ciki da waje, ta sa aka yi mini hoton mama da na mahaifa, ta yi ta tambayar cututtukan danginmu. Sannan ta ce jikina ne ya daina samar da sinadaran da ake kira homon, kuma akwai maganin da ke maye gurbinsu, yana da amfaninsa yana da haɗarinsa. Gaskiya rabin bayanin ban ji ba. Yarinyar sa'ar Nafisat ce, kunya ta toshe mini kunne, ni dai ina ta gyaɗa kai irin na wadda ta yi boko. Na fara sha. Cikin 'yan makonni na yi barcin da na manta ana yin irinsa, Alhaji kuma ya dawo shan shayinsa a gida.

Sai a wata na uku na fara ganin jini. Ba mai yawa ba, ya zo ya ɗauke, ya sake leƙowa. Ga ni da furfurata a cikin Keke Napep ina zuwa har Kinkinau sayen audugar mata a kemis ɗin da ba a san ni ba, ina yi wa mai shagon bayani cewa ta jikata ce, shi kuwa bawan Allah bai ma tambaye ni ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne salla, in yi ne ko in dakata.

To, a ajinmu akwai wata al'ada. Matasa suna jin nauyin yi wa Malama Rahmatu tambayar da ta shafi tsarki, sai su raɗa mini, ni kuma in ɗaga hannu in ce wata 'yar'uwa ce ke tambaya. Shi ya sa ake kirana Uwar Aji, kuma ban taɓa tona kowa ba. Sai na ga ai ga hanya a buɗe. Na ɗaga hannu, na ce wata 'yar'uwa tana shan maganin likita, jini ya dawo mata bayan ya ɗauke. Malama ta ce hukuncin yana da alaƙa da shekaru, nawa ne shekarun mai tambayar? Maimakon in ce zan tambayo, bakina ya riga hankalina, na ce ta kusa sittin. Mu biyu ne kacal masu waɗannan shekarun, ni da aminiyata da zan kira Hajiya Indo. Ni kuwa kowa ya san da satifiket ɗina, don na ishe su da zancensa. Sai idanu suka koma kanta, tana can tana goge tabarau, ba ta ma san me ake ciki ba.

Hajiya, ni da Indo ofis ɗaya muka tsufa. Ita ta riƙe mini hannu ranar da na haifi autana. Mijinta ya rasu bara waccan. Kafin mako ya zagayo, magana ta zama wai tana shan maganin komawa yarinya don tana son sake aure. Matar ɗanta Jamilu ta tsinto zancen a gidan suna ta kai masa, shi kuma ya zo yana tambayar uwarsa a kaikaice ko akwai mai zuwa wurinta. Indo ta daina zuwa makaranta. Na tashi a aji na ce wallahi ba ita ba ce, suka yi murmushi, wai ai dole in rufa wa ƙawata asiri. Da ta kira ni tana kuka ta roƙe ni in faɗa mata ko wace ce, na buɗe baki na ce amana ce. Har yaba mini ta yi da riƙon amana, kuma wannan yabon ya fi mini zagi ciwo.

Malama ta ce mai tambayar ta same ta ita kaɗai, har yau ban je ba. Likita ma ban koma ba. Dabarar da ta zo mini ita ce in daina maganin, jinin ya tsaya, maganar ta mutu da kanta, in koma zufata da faɗa da fanka. Ina tsoron dariyar yaran da na yi wa gori, amma na fi tsoron ranar da Indo za ta gane ni ce. Yaya zan yi?

Taki, Uwar Aji, Unguwar Rimi, Kaduna.

AMSA

Wa alaikumus salam Hajiya. Na yi dariyar, tunda kin yafe, amma ban daɗe ina yi ba, don akwai abu biyu a wasiƙarki da ba na wasa ba ne.

Na farko jinin. Ki koma wurin likitarki cikin wannan makon. Masu fara irin wannan magani sukan ga ɗigon jini a watannin farko, kuma ina kyautata zaton yana cikin rabin bayanin da kunya ta hana ki ji. Duk da haka, jini bayan ɗaukewar al'ada abu ne da likita ce za ta duba ta ce ba komai, ba ke ba, ba ni ba. Wataƙila ta gyara adadin, ko ta sauya miki wani iri, ko ta sake hoton mahaifa. Ki tafi da Nafisat ta zama kunnenki, ki sa likitar ta maimaita haɗarin dalla-dalla, musamman abin da ya shafi mama da daskarewar jini a irin shekarunki. Idan kin ji kin auna kin ga dainawa ta fi miki, wannan haƙƙinki ne. Amma kada ki daina don gudun dariyar aji. Neman barci da lafiya ba abin kunya ba ne.

Maganar salla ba ni zan yanke ba. Ki sami Malama ita kaɗai kamar yadda ta nema, bayan kin ji ta bakin likita, domin amsarta za ta dogara da sanin ko wane irin jini ne.

Na biyu Hajiya Indo. Na fahimci kunyarki, kuma ba ki yi niyyar cutar da ita ba. Sai dai dabararki ba za ta wanke ta ba. Ko yau kika zubar da maganin, a bakin mutane ita ce dai mai neman miji, kuma ɗanta zai ci gaba da yi mata wani irin kallo. Abin da ke jiranki dariyar kwana biyu ce, ita kuwa mutuncinta ne a gaban 'ya'yanta, ga ta ba mijin da zai tsaya mata. Ki fara da ita kafin aji. Za ta ji zafi, tana iya share ki na wani lokaci, ki jure. Bayan haka ki tashi a aji ki ce ke ce, a taƙaice, ba sai kin yi dogon bayani ba, sannan ki kira Jamilu ki faɗa masa da bakinki.

Kada ki yi mata wannan magana ta waya, kuma kada ki aiki kowa. Ki je gidanta da ƙafarki, ki faɗa mata tun kafin ta kawo miki ruwa. Allah Ya ba ki lafiya mai ɗorewa, Ya sanyaya zuciyar Hajiya Indo, Ya mayar da ita kujerarta kusa da taki.

Maijidda.