Kaskar Ɓerayen Sito

Yaya,

Ina gaisuwa. Ya ƙafar Inna? Ya yara?

Ni lafiya lau, kada hankalinka ya tashi. Ɓeraye ne suka addabi siton da muke aiki, na bi su da shebur ina fasa musu kai, jini har bango. Muka kwashe mushen da hannu, yadda muka saba a gida. Ashe akwai kaska a jikinsu, ta bar mushen ta kama ni. Na zaci zazzaɓin sauro ne, sai da fitsarina ya yi baƙi. Likita ya ce cutar ɓeran da kaskar ta sa mini ce ke farfasa mini jini. An yi mini ƙarin jini. Abokin aikina da muka kwashe mushen tare, jiya muka binne shi.

Ka ce wa Inna mura ce. Duk yaron da ya taɓa mushen ɓera kuwa, ka zane shi a madadina.

Allah ya tsare ku.

Ƙaninka.