Kawun da na ƙi a filin sukuwa

Daga Admin: wata habboba ce, wato kaka, daga ƙasar Sudan ta turo mana da murya, ta roƙi a sakaya sunanta. Mun rubuta yadda ta faɗa.

Assalamu alaikum jama'ar wannan guruf. Ku ba ni aron kunnuwanku, 'ya'yana da jikokina, abin da zan faɗa ba tatsuniya ba ce, da ita ce da tuni na kai ƙurunƙus na huta. Don Allah ku ba ni shawara. Ni ban yi boko ba, bakina kaɗai gare ni.

A Jazira ta ƙasar Sudan aka haife ni, cikin gonakin auduga. Innata Hajara 'yar Gumel ce, ta baro gida da ƙafa ita da babanmu za su Makka, guzuri ya ƙare, suka ce bari su yi tsinkar auduga shekara ɗaya, shekara ɗayan nan ita ce ta zama rayuwa. Ƙane guda ta baro a gida, Sale. Akwai tabon ƙuna a wuyan hannunta, tana goye da shi ya shuri tukunyar kunu, takan nuna mana ta ce wannan ita ce wasiƙar Sale, kuma wata rana zai biyo wasiƙarsa.

Da babanmu ya rasu ta koma unguwar Umbadda, ƙetaren kogi daga Khartum, wurin yayana. Ni kuma na yi aure, maigidana sayis ne, shi ke kula da dawakin wani tajiri a filin sukuwa na Khartum. Ranar sukuwa nakan kai gyaɗa marau-marau in zauna bakin shinge. A lokacin maganar jinsiyya ce ta hana mu sakat, takardar zama ɗan ƙasa, wadda in babu ita ɗanka ba karatu mai nisa, ba aikin hukuma. Tajirin ya yi alkawarin tsaya wa maigidana shaida, amma maigidana ya gaya masa mu 'yan ƙasa ne, mutanen Jabal Awliya kaka da kakanni. Ya ja mini kunne, wai a filin nan ko tuntuɓe na yi kada in ce wayyo, kada a gane mu Hausawa ne.

Wata Juma'a bayan la'asar dokin tajirin ya ci, tajirin ya zo shi da abokansa suna tsaye a kan farantina suna raha. Sai ga wani tsoho da babbar riga, ya nemi gyaɗa da gurguwar Larabci. To, bakina na tsare, amma na manta da gwiwoyina. Na rusuna na miƙa masa da hannu bibbiyu, yadda Inna ta koya mini a yi wa babba. Ya tsura mini ido ya ce, “'Yata, wa ya koya miki wannan rusunawar? Ke 'yar gida ce.”

Bai jira amsa ba. Ya ce hajji za shi, ya ya da zango kwana uku, an gaya masa mutanenmu da yawa suna aikin dawaki shi ya sa ya zo. Yana neman yayarsa Hajara ta Gumel, mai ƙuna a wuyan hannu.  Tajirin ya waiwayo yana dariya, ya tambaye ni me Fallatin nan yake cewa, haka suke kiran mutanenmu. Na ja tob, mayafina, na rufe rabin fuskata, na ce, “Ana ma ba'arif rutana,” wato ni ban jin yarensa.

 Tsohon ya ce, “To, Allah ya yi miki albarka duk da haka.” Ya juya. Tsakaninsa da yayarsa gada ɗaya ce, bas ɗaya.

Na ce in jama'a ta rage zan bi shi. Aka yi sukuwar ƙarshe, mutane suka watse ta kowace ƙofa, na zagaya har bargar dawaki, babu shi. Na gaya wa maigidana, ya yi faɗa, ya ce in binne zancen sai takarda ta fito. Da ta fito kuma, kunya ce ta kama bakina. Da wane harshe zan ce wa Inna Sale ya biyo wasiƙarsa, ni na kore shi?

Abin da ya tayar da tsohon miki shi ne, makon jiya 'yata ta kunna mini wata murya daga wani guruf. Wata baiwar Allah ce daga Gumel tana neman zuri'ar Hajara. Ta ce babanta Sale ya bar wasiyya a nemo su, kuma har ya bar duniya yana labarin wata mai gyaɗa a filin sukuwa, mai goshin yayarsa sak, yana cewa kada a zage ta, tsoro ne, yana saka ta a addu'a. 'Yata ta ce, “Inna, ba kakarmu ba ce wannan?” Na ce mata Hajara ai da yawa suke a duniya. Kun ji, sau biyu ke nan na ƙi shi.

Tajirin ya daɗe da rasuwa. Maigidana ya samu jinsiyyarsa, ya bi shi. 'Ya'yana sun yi karatu da takardar nan, babban ma da ƙyar yake haɗa Hausa. Inna ta shekara bakwai bayan ranar, ta cika a Umbadda tana tambaya ko alhazai sun fara wucewa. Yayana yana nan ya tsufa, bai san komai ba, shi ne ya yi jinyarta. Ni ce na rage a unguwar Alhilla Kuku da wannan kaya.

In na amsa wa matar nan, za su tambayi wa ke sai da gyaɗa a gidanmu, kuma yayana ya san ni ce. Ina tsoron ya mutu yana fushi da ni, ina tsoron in mutu ban faɗa ba. Shin in fara durƙusa wa yayana ne, ko in fara kiran Gumel? Kuma wanda ya riga ya yafe miki tun ba ki roƙa ba, ta ina ake neman gafararsa?