Zufar da Ba Ta Kawo Hatsi

Malam Atiku, don Allah ka taimake ni, na gaji da kaina.

Ni manomi ne daga Dauran, ko in ce a da ni manomi ne. Tun da 'yan bindiga suka hana mu fita daji na kwaso iyali muka dawo Ƙaura Namoda. Ina zaman shagon ƙanena Sirajo, ina auna wa mutane geron da wasu suka noma. Daga benci sai masallaci. Tumbi ya fito, bara aka auna ni a asibiti aka ce hawan jini ne. Shi ya kwantar da yayanmu Ɗanasabe, ɓarin jikinsa ya shanye, yanzu sai an juya shi. Likita ta ce in ban motsa jiki ba, hanyarsa na kama.

To na fara. Sirajo ya saya mini takalmin kambas. Kullum bayan sallar asuba in zagaya filin ƙwallon unguwarmu, in sake zagayawa, kamar akuya a turke. Babu ramin da ban sani ba a filin nan. Ni da nake yini riƙe da galma, yau ni ke zubar da zufa a banza, ko ƙwayar dawa ba ta fitowa. A garinmu in ka ga dattijo yana sauri da sassafe ba hauya a kafaɗa, to ba lafiya ba.

Rannan wani ɗan garinmu, Jatau, ya tambaye ni a gaban mutane dami nawa na samu a filin ƙwallo bana. Aka yi dariya, ni ma na yi, amma tun ranar ban koma ba. Na gwada tsalle-tsallen da ake nunawa a waya cikin ɗaki, maiɗakina ta leƙo, ta juya da sauri. Har yau ban sani ba ko dariya ta yi ko kuka.

Jiya jiri ya ɗebe ni a sahun sallah. Ina da yara ƙanana, ina tsoron kwanciya irin ta Yaya, amma wallahi na tsani filin nan. Yaya zan yi?

Manomin da ba gona, Ƙaura Namoda.

AMSA

Ɗan'uwa, ɓacin ranka yana kan hanya. An raba ka da gonarka, aka ba ka filin ƙwallo, dole ka ji ciwo. Amma likita ma gaskiya ta faɗa, kuma jirin jiya ba wasa ba ne. Ka koma a auna ka kafin komai.

Ba raggo ba ne kai, aiki ɗaya ne ya gundure ka. Ka tuna, a Dauran ba ka taɓa yin aiki ɗaya shekara guda ba. Ka yi sharar gona, ka yi shuka, ka yi noma da maimai, kafin ka gaji da wannan, girbi ya zo. Jikin da ya saba da haka ba zai yarda da zagayen fili kullum ba.

Don haka ka riƙa canzawa, kuma ka zaɓi motsin da ake ganin amfaninsa. Yau ka taka da ƙafa zuwa kasuwa sayen kayan shago, gobe ka ja ruwa da guga ka cika randunan masallaci, jibi ka ari keke. Ka nemi ɗan kango kusa da gida ka shuka kuɓewa da yakuwa. Ɗaukar buhu da duk abin da zai sa ka riƙe numfashi ka bari sai likita ta amince, magani kuma kada ka daina.

Jatau ya yi kuskure, amma shi ma gonarsa na can cikin ciyawa, wataƙila kansa yake yi wa dariya. Ka gayyace shi haƙar kangon.

Ban san ranar da hanyar Dauran za ta buɗe ba, kuma ba zan yi maka ƙarya ba. Amma in ta buɗe, gonar nan za ta buƙaci hannu biyu da ƙafa biyu. Sun ƙwace maka gona, kada ka ƙara musu da jikinka.

Allah ya ba Ɗanasabe sauƙi, kai kuma ya mai da kai gonarka da ƙafafunka.

Malam Atiku