Sabon Gejin Zafi

Laraba da dare, Afrilu 1989, Gwandu

Jif ɗina zai kwana a bakin hanyar Kalgo, ni kuma ga ni a gida.

Kwanan nan kullum allurar gejin zafin inji tana hawa kan ja. Jiya Mamman bakanike ya ce gejin ne ya tsufa, shi ya sa yake ƙarya. Ya sa sabo, ya zuba garin taba a lagireto, tankin ruwan inji, don ya toshe wani ɗan yoyo da ya gani.

Yau na ɗauki albasar mutane. Allura ta kwanta luf, har waƙa nake yi a hanya! Sai ƙauri, sai hayaƙi, inji ya buga. Na buɗe lagireto, babu ko ɗigo.

Mamman ya zo a kan babur, ya leƙa, ya ce, "Maigida, ai geji ruwa shika ji. In babu ruwa, mi zai faɗi?"

Gobe masu albasa za su zo, ban san da bakin da zan yi musu magana ba. Uwargida ta kawo tuwo, na kasa ci.

Tsohon gejin yana aljihuna har yanzu. Shi kaɗai ya gaya mini gaskiya, kuma shi na bari aka cire.